Haɗa parfe na yogot da kayan marmari a gida, tun daga kwaɓa madara har jera kofi

Toh 'yan uwa yau maganar parfe za mu yi, wannan da ake jerawa a kofin roba mai haske ɗin nan, yogot a ƙasa, kayan marmari a tsakiya, giranola (gasasshen ots da gyaɗa da zuma) a sama, wanda yanzu a Jos duk status ɗin da kika buɗe sai kin ga wata na tallarsa. Ba wani abu ne mai wuya ba wallahi, ba a ma ɗora tukunyar kirki, amma akwai dalilin da ya sa na wata za ki ga ya tsaya cak a kofi kowane layi a wurinsa, na wata kuma kafin a kai shi falo ya koma tsararo, kalar mangwaro ta bi ta cikin farin, giranola ta jiƙe ta yi laushi. Dalilin ɗaya ne, ruwa. Ruwan cikin yogot, ruwan cikin kayan marmari, da damshin da giranola ke zuƙa. Duk abin da zan faɗa a nan kusan dabarar raba parfe da ruwa ne, in kin riƙe wannan sauran duk wasa ne.

Kuma tun yanzu ki sani aikin na kwana biyu ne in har ke za ki yi yogot ɗinki, yau da daddare ki haɗa, gobe da safe ki tace, da yamma ki jera. In baƙi za ki yi ran Asabar to ran Juma'a za ki fara.

Yogot ɗin, nan ne aikin yake

Wannan yogot na sha da ake sayarwa a gora ko a leda ki manta da shi kwata-kwata, don sha aka yi shi, ba zai ɗauki nauyin ko yankan ayaba ba. Wanda ake so shi ne mai kaurin da in kika kafa cokali zai tsaya, wanda ake kira Girik. In kina da kuɗin saya ki saya abinki, ki tsallake zuwa gaba. In ba haka ba ga yadda ake yi.

Ruwa lita 1, wato kofi 4 na awo, madarar gari kofi ɗaya da rabi, wajen giram 180 zuwa 200 kenan. Na san ya fi yadda ake kwaɓawa don shayi yawa, da gangan ne, yawan madarar shi ke kawo kaurin. Ki nemi wadda aka rubuta full cream a jiki. Akwai wadda ake cire man madarar a maye da man itatuwa, ta fi araha kuma ita ma tana kamawa, masu yi na sayarwa da yawa da ita suke yi, amma a baki akwai bambanci, ni dai na gida na fi son mai cikakken mai.

Ki fara kwaɓa garin da ruwa kaɗan ki burge da maburgi sosai har gudajin ya mutu sannan ki ƙara sauran ruwan, in kika juye duka lokaci guda za ki yi ta bin gudaji a gefen tukunya. Ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa kar ta kama ƙasa, har ta yi zafi sosai tana tururi, ƙananan kumfa suna fitowa a gefe amma ba ta tafaso ba, a ma'aunin zafi wajen digiri 85 ne. Wasu na tsallake wannan su kwaɓa da ruwan ɗumi kawai, yana yi, amma dafawar nan tana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da za su yi gasa da irin da za ki zuba, wato ɗan yogot ɗin da ke sa madarar ta kama, kuma tana sa yogot ya fi kama jikinsa. In kuma madarar shanu ce sabuwar tatsa kika samu wajen Fulani, ta wajen Vom ko Bukuru ko duk inda kike da mai kawo miki, to wannan dafawa ba zaɓi ba ce dole ce, ki bar ta ta tafasa ma, don akwai cututtukan da ke bin ɗanyar madara daga dabba zuwa mutum, tarin fuka na shanu na ciki.

Sai ki sauke ki bar ta ta huce. Nan ne mutane da yawa ke yin gaggawa. Ƙwayoyin da ke mayar da madara yogot halittu ne masu rai, sun fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 40 da 45, in zafi ya wuce haka sosai sai su mutu, in sanyi ya yi yawa su kwanta. Ba sai kina da ma'auni ba, ki wanke hannu tas ki tsoma ƙaramin yatsa, in za ki iya ƙirga goma kina jin zafin amma bai sa kin fizge ba to ta yi. In ta yi yana a sama ki kwashe.

Irin da za ki zuba cokali 2 ne na cin abinci a lita ɗaya, kar ki ce bari in ƙara don ya fi kauri, ba ya ƙara kauri sai tsami. Yogot marar sikari marar kala, wanda ake ajiyewa a firij a shago, in kin duba jiki kin ga an rubuta live cultures to shi ne. Wanda ke zaune a kanta wata da watanni ba firij an riga an dafa shi bayan ya kama, babu mai rai a ciki, ko kwali guda kika juye ba abin da zai faru. Kindirmo mai kyau ma yana zama iri, sai dai shi yau ya ba ki haka gobe ya ba ki haka, kuma ya fi saurin tsami. Ki ɗebi madarar ludayi ɗaya ki dama irin a ƙaramin kofi ya saki, ki juye a ciki, ki juya a hankali sau biyu uku shikenan.

Yanzu wurin kwanciya. Mu nan Jos wannan shi ne matsalarmu, garin na kan tudu sama da mita 1,200, a Disamba da Janairu sanyin dare kan sauka har wajen digiri 10, in kika bar roba a kan kanta kamar yadda 'yar Abuja za ta yi a watan Maris, da safe madararki za ki tarar yadda kika bar ta. Ki ɗauko kular abinci mai riƙe zafi, ki ɗauraye ta da tafasasshen ruwa ta ɗau ɗumi, ki juye ki rufe, ki naɗe da bargo ko tsohuwar rigar sanyi ki sa a lungun da ba iska. Kuma don Allah kar a taɓa, kar a girgiza, kar a buɗe ana leƙawa, ki gaya wa yara. Lokacin zafi awa 6 zuwa 8 ya isa, da hunturu ya kan kai 10 har 12. In kin karkata kular kika ga ya motsa gaba ɗaya a dunƙule ya rabu da gefe to ya kama. Iya daɗewarsa a ɗumi iya tsaminsa, saboda haka yana kamawa ki kai firij, ya yi kamar awa 3 kafin ki taɓa shi, a sanyin nan yake ƙarasa haɗe jikinsa.

Kafin komai ki ɗebi cokali 2 ki ajiye a ƙaramar roba mai murfi, irin gaba kenan. Bayan zagaye huɗu ko biyar ki sake sabon iri don yana rauni.

Tacewa. Ki samu kyallen tatar koko sabo ko wanda kika ware don wannan kawai, ba wanda ya sha gasara yana warin tsami ba, ki tafasa shi, ki shimfiɗa a kan kwando ko rariya, ki ɗora a kan roba mai zurfi yadda gindin kwandon ba zai taɓa ruwan da zai taru ba. Ki juye yogot ki naɗe bakin kyallen a kai ki sa a firij haka nan. Za ki ga wani ruwa mai ɗan ruwan ɗorawa-ɗorawa yana ɗiga. Awa 3 zuwa 4 ya yi daidai da parfe, kuma kar ki tsorata, lita ɗaya za ta dawo wajen rabi ko ɗan fiye, shi ya sa na kanti yake da tsada. In kin bar shi ya kwana zai yi tauri sosai, ba asara ba ce, ki mayar da ruwan cokali-cokali kina burgawa har ya dawo yadda kike so. Kar ki matse kyallen da hannu don sauri, farin zai bi ta ramukan.

Zaƙi sai bayan an tace, in kika sa kafin nan rabinsa zai bi ruwan ya tafi. Sikarin aisin ya fi don yana narkewa nan take, cokali 2 zuwa 3 a rabin lita, da ɗigon fanila in kina so. Zuma na da daɗi amma tana ɗan tsinka shi, ki sa kaɗan a ciki sauran ki yaryaɗa a sama. Ni a ganina mutane na cika zaƙi da yawa a parfe, mangwaro da zaƙi, giranola da zuma, a ƙara madarar kwandens a yogot, cokali uku ya gundure ka. Ɗan tsamin yogot ɗin shi ke sa a shanye kofi. Sannan zuma ba a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba, ko ɗanɗane, likitoci sun hana.

In ya ƙi kamawa bayan awa 12, ko an zuba iri da zafi ko irin ya mutu ko sanyi ya shiga. In ya yi yauƙi yana jan zare a cokali, galibi ɗumin ne bai isa ba ko irin ya tsufa. In kuwa kin ga wata kala a sama, ruwan hoda ko kore ko baƙi, ko wari ya canza, zubarwa za ki yi duka, ba a kwashe sama a ci ƙasa.

Giranola

Wannan mintuna ne kuma ta gida ta fi ta kwali nesa ba kusa ba. Ots kofi 2, irin Quaker ɗin nan ma ya yi amma in kin samu mai manyan ƙwaya ya fi garas-garas, gyaɗa rabin kofi a ɗan daddaka ba lukwi ba, gogaggiyar kwakwa rabin kofi, riɗi cokali 3, zuma kwatan kofi, man kwakwa ko narkakken bota cokali 3, gishiri ɗan mitsitsi, kirfa rabin ƙaramin cokali. Garin citta kaɗan yana tafiya da mangwaro sosai. Kashu in da hali.

Riɗin ki rege shi tukuna ki shanya, na kasuwa ba ya rasa yashi, kuma ba abin da ke ɓata wa mutum rai irin ya tauna tsakuwa a cikin abu mai laushi. Gyaɗar ma ki zauna ki tsince, duk wadda ta yi baƙi ko ta yi funfuna ko ta motse ki yar, ɗaya tak mai ɗaci ta isa ta ɓata kofi, ga shi funfunar gyaɗa na da illa ga hanta.

Ki gauraya busassun, ki haɗa zuma da mai ki zuba ki cakuɗa har ko'ina ya samu. In da obin, ki baza a tire siriri, digiri 150 zuwa 160, minti 20 zuwa 25, ki juya sau ɗaya a tsakiya. In babu, kasko mai kaurin gindi a kan wuta can ƙasa, kina juyawa ba tsayawa wajen minti 12 zuwa 15, kuma a kasko gara ki fara gasa ots da gyaɗa su kaɗai, sai can ki zuba kwakwa da riɗi don su nan da nan suke ƙonewa, zumar a ƙarshe. Za ki ji riɗin ya fara tsalle yana ƙara, ƙamshi ya cika kicin, kala ta koma ruwan zuma, to ki sauke ko da kin taɓa kin ji da sauran laushi. Ba a wuta take yin garas ba, sai ta huce. Wanda ya tsaya jiran ta yi ƙarau a kasko ƙonanniya zai kwashe. Ki baza a faranti ta huce sarai sannan ki yanka dabino ƙanana ko zabibi ki zuba, su ba a gasa su, tauri suke yi. A kwalba mai murfi tana yin sati 2 zuwa 3, da damina ki tabbata murfin na rufuwa gam.

In kin ga duk wannan ya yi miki yawa, ki farfasa kantun riɗi ko alawar gyaɗa ko biskit marar kirim ki yi amfani da shi, ba wanda zai kama ki.

Kayan marmari, da wanda ke faɗa da yogot

A nan Allah ya yi mana gata. Ki zaga Farin Gada ko Terminus ki ga abin da lokaci ya kawo, da shi za ki yi, ba sai kin nemi inibi da kiwi na waje masu tsada don hoto ba. Da hunturu, tun wajen Nuwamba har Maris, strobari ɗinmu na nan Filato ya fito, wanda 'yan Abuja da Legas ke aikowa a saya musu. Bazara na mangwaro ne. Damina ga gwaiba ga piya. Ayaba, gwanda, kankana da abarba kusan kullum akwai.

Mangwaro shi ne sarki a parfe amma ba kowanne ba, mai zare ɗin nan na tsotsa ki bar wa yara, ki nemi mai tsoka marar zare irin su Julie ko Peter, nunanne amma da ɗan ƙarfinsa yadda zai yanku ƙwaya-ƙwaya bai dame ba. Ki shinshina wajen hancin, nunan kirki na da ƙamshi. In kin ga ya yi jawur ko ɗorawa shar ko'ina amma ba ƙamshi kuma ciki da tsami, ki yi hattara, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan masu nuna kayan marmari da kabaid. Gara ki sayi wanda ya ƙosa ki sa a kwali ko takarda tare da ayaba kwana biyu ya nuna da kansa. Mangwaro, ayaba, gwanda da piya duk suna ci gaba da nuna bayan an tsinke. Abarba kuwa a'a, zaƙin da aka yanko ta da shi shi kenan, ajiya laushi kawai take ƙara mata, don haka tun a kasuwa ki ɗaga ki shinshina gindinta ki ji nauyinta a hannu.

Ga abin da ba kowa ya sani ba kuma shi ke ɓata parfe da yawa. Ɗanyar abarba, gwanda da kiwi suna da wani sinadari mai narkar da furotin, na abarba bromelain sunansa, na gwanda papain, shi ya sa ake sa gwanda a nama mai tauri ya yi laushi kuma shi ya sa abarba ke cin harshe in an sha da yawa. To yogot ai furotin ne. In suka zauna tare na 'yan awanni sai yogot ya tsinke ya kuma fara ɗaci, wani ɗaci a can maƙogwaro da za ki rantse madarar ce ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. In yanzu za a jera a sha yanzu ba matsala. In zai zauna, mafita biyu ce, ko ki bar su a roba daban sai lokacin sha, ko ki dafa abarbar. Ki yanka ƙanana ki zuba a tukunya da sikari cokali 1 ba ruwa, ita za ta fitar da nata, minti 5 zuwa 7 tana tafasa har ruwan ya ɗan ƙafe, ki sauke ta huce sarai. Zafi na kashe sinadarin, ta gwangwani ma shi ya sa ba ta wannan halin. Kuma dafaffiyar abarbar nan da ɗan citta a ƙasan kofi, hmm, ki gwada kawai. Gwanda dai ba ta da daɗin dafawa, ita ki sa a sama daf da sha.

Kankana ni ba na sa ta a tsakiya sam, ruwa ce zalla, in dole ne ƙwaya biyu uku a sama don kala. Lemon zaƙi ma haka. Ayaba a ƙarshe ake yanka ta a ɗiga mata lemon tsami kar ta yi baƙi, tuffa da piya ma haka. Gwaiba ki markaɗa ki tace a rariya ki cire 'ya'yan, ki ɗan dafa da sikari ta yi kauri ta zama abin yaryaɗawa.

Wanki kafin yanka ne ba bayan yanka ba, har mai ɓawon da za a fere, don wuƙa na jan dattin baya ta kai ciki. Strobari shi ne mai shagwaɓa, kar ki wanke sai za ki yi aiki da shi, kuma da ganyen kansa za ki wanke, in kika cire tukuna ruwa zai shige ta nan ya yi lami. Ki baza a kan tawul mai tsabta ya bushe sannan ki cire ganyen ki yanka. In ya cika tsami, ki barbaɗa sikari kaɗan ki bar shi minti 15, zai fitar da jan ruwa mai daɗi, ki tsiyaye ruwan a kofi daban ki ajiye na sama.

Girman yanka kar ya wuce abin da zai hau ƙaramin cokali tare da yogot, kamar santimita ɗaya. Duk abin da kika yanka ki zuba a kwando ya tsane minti 10, ki sa a firij ya yi sanyi. Kala biyu ko uku sun isa a kofi ɗaya, mangwaro da dafaffiyar abarba da kwakwa, ko strobari da ayaba, in aka tara kala bakwai ba wanda ake jin ɗanɗanonsa.

Jerawa

Komai ya zama da sanyinsa, kofin kuma a bushe ƙarau. Kofi mai haske na mililita 300 zuwa 350 ya ishi babba, yara rabin haka. Abin da kika tace daga lita ɗaya zai yi kofi 3 zuwa 4.

Don gefen kofin ya fito tsaf, ki zuba yogot a farar leda mai ƙarfi ki ɗaure ki yanke kusurwa ɗaya kaɗan, ki dinga matsawa daga tsakiyar kofi zuwa gefe. Da cokali ma ana yi amma sai ya shafi bango, in ya shafa ki goge da tishu kafin layi na gaba. Yogot cokali 3 a ƙasa, ki ɗan buga gindin kofin a tafin hannu ya zauna. Sai kayan marmari, ki fara jera su a jikin kofin ta yadda za a gan su ta waje, strobari ki manna yankakken ɓangaren a jikin robar, sannan ki cike tsakiya. Sai yogot kuma ya rufe su ruf har gefe. Sai sauran kayan marmari a gefe ɗaya na sama, giranola a ɗaya gefen, zuma siririya a kai. Kar ki danna komai, kar ki juya, ba fura da nono ba ne da ake damawa, mai sha ne zai nutsa dogon cokali har ƙasa ya ɗebo duka layin.

Giranola a tsakiya fa? Tana da daɗi in za a sha cikin minti 20 ko 30, bayan nan ta jiƙe. In na buɗa-baki ne ki jera yogot da kayan marmari bayan la'asar ki rufe ki sa a firij, giranola sai an kira salla. In na makaranta ne ko ofis ko za ki aika wa wata, ki ƙulla ta a 'yar leda daban ko ƙaramar roba.

Masu son ya riƙe ciki, na sahur misali, ki marmasa fura mai kyau ki yi layi da ita a tsakiya, ko dafaffen acca da ya huce ya yi washar-washar cokali 2, wannan ba ya damuwa da jiƙewa. Mai ciwon suga kuma a bar masa yogot ba zaƙi, a rage ayaba da mangwaro da dabino, a ƙara gyaɗa da piya da strobari, ya kuma bi abin da likitansa ya ce.

Ajiya da maganar wuta

Yogot shi kaɗai a roba mai murfi yana yin sati ɗaya zuwa kwana 10 in firij na aiki da gaske, a dinga ɗiba da cokali mai tsabta. Yankakkun kayan marmari kwana ɗaya zuwa biyu. Wanda aka riga aka jera kuwa ranar ya kamata a sha, in ya daɗe washegari da safe. A waje kar ya wuce awa 2, in ana zafi irin na Abuja a Maris da Afrilu awa 1, kar sanyin Jos ya ruɗe ki ki ajiye a taga ki ce ai garin firij ne, da rana ba haka ba ne.

In an ɗauke wuta, firij da ba a buɗewa yana riƙe sanyi wajen awa 4. In kin san layinku ba tabbas ki daskarar da ruwan leda da yawa tun da wuri, ki jera su a kula ki sa robar yogot a tsakiya, haka ma za ki yi in za ki kai gidan suna ko biki, kofunan a tsaye a matse da juna kar su kife, ƙanƙara a gefe da ƙasa. Kar ki sa jerarren parfe a firiza ya daskare, in ya narke yogot zai tsattsage ya saki ruwa, mangwaro da strobari su yi laɓo-laɓo.

Ruwan da ya ɗiga wajen tacewa kar ki zubar. Ki kwaɓa fanke ko fulawar burodi da shi, ko ki jiƙa kaza a ciki da kayan ƙamshi awa biyu kafin suya, a kwalba cikin firij yana yin kwana huɗu biyar.